Hukuncin Gyaran Tsofaffin Hotuna da Buga Su a Ƙyalle

TAMBAYA

Malam, ina da ɗan shago a garin Tanut. Mutane na kawo mini tsofaffin hotunan da suka koɗe, ko gara ta ci, ko ruwan damina ya taɓa, in gyara su da kwamfuta, in buga su manya a ƙyalle mai kauri, in ɗaure a katako. Har daga Gangara da Belbeji ana zuwa, kuma galibi hotunan iyaye ne da suka rasu. Wani abokina ya ce kuɗin haramun ne, wai azabar masu yin sura tana kaina. Shin in bar sana'ar?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, kada ka rufe shagonka. Sana'arka halal ce a asalinta, sai dai akwai wuraren da za ka kiyaye.

Abokinka bai ƙirƙiri magana ba. Hadisan da suka yi narkon azaba ga masu yin sura ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Inda malamai suka yi saɓani shi ne wace sura ake nufi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Shehu Dardiri ya warware a sharhinsa na Muhtasar Halil, a babin walima, sura tana haramta ne in ta kasance ta mai rai, gaɓoɓinta sun cika, kuma tana da jiki mai inuwa irin na gunki. Wadda ke shimfiɗe a takarda ko tufa ko bango ba ta kai haramun ba. Makaruhi ce in an ɗaukaka ta, in kuwa a abin da ake takawa ko ake zama a kai take, barinta ne kawai ya fi. Hujjarsu hadisin Abu Ɗalha, wanda aka togace zanen da ke jikin tufa a cikinsa, da kuma labulen Nana A'isha mai hotuna da aka yanka aka mayar matasai.

Wannan duk a kan zanen hannu ne. Hoton kyamara kuwa daga baya ya zo. Shehu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala guda a kansa, ya ce mai kyamara bai ƙagi siffa ba, inuwar abin da Allah ya riga ya halitta ya tsare, kamar yadda fuska ke fitowa a madubi. Shehu Bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya hana sai da lalura, irin ta fasfo da katin ɗan ƙasa. Ni na fi natsuwa da maganar farko, kuma a kanta nake ba ka fatawa. Wanda ya bi ta biyu don tsantseni bai yi laifi ba, amma ba shi da damar ce wa kuɗinka haramun a mas'alar da manya suka saɓa.

Share tabo, ɗinke yagewa, maido da launi, babu komai a ciki. Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne hoton da gara ta cinye rabin fuskarsa. Yau akwai manhajojin da ke cike gurbin ido da hanci da kansu, su fito da mutum kyakkyawa wanda ba a taɓa haifa ba. Wannan ya fita daga tsare inuwa, ya kusanci ƙagen siffa. Sa'annan akwai algus a ciki in ka yi shiru. A nan Damargu sau da yawa hoton uba ɗaya ne tak ya rage, na jikin tsohon kati ko wanda ya aiko daga cin rani a Libiya, ɗan ƙarami, an naɗe shi cikin leda a ƙasan adaka. Jikokin da ba su riski mamacin ba da wannan fuskar za su san shi. To ka faɗa wa mai hoto gaskiya tun kafin a yi ciniki: nan na gyara, nan kuwa na'ura ce ta ƙaga. Barin ƙagen ya fi. Hoton da zai shiga takardar hukuma kuma kada ka sauya kamanninsa ko kaɗan, wannan zur ne.

Batun ratayewa a bango ya fi nauyi. Ibn Abbas ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, waɗanda aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuh, asalinsu sunayen mutanen kirki ne da aka kafa musu alamu don tunawa, da zamani ya tsawaita aka bauta musu. Ga kuma hadisin rashin shigar mala'iku ɗakin da ke da sura. Don haka rataye babban hoton mamaci ba ya rasa karhanci, ajiye shi a rufe ya fi. Ba zan ce bugawarka haramun ce ba, domin maraya mai son ganin fuskar uwarsa ba bauta yake nufi ba. Amma ka ba shi shawara da taushin murya, kada ya sa a wajen alƙibla inda ake salla. In ka tabbata wani zai riƙa shafar hoton don neman tubarraki ko roƙonsa biyan bukata, na malami ne ko na shehi, kada ka karɓi aikin.

Abin da na fi jiye wa masu sana'arku tsoro shi ne amana. Hotunan biki suna zuwa hannunka, amarya da ƙawayenta cikin kwalliyar da aka yi don tsakar gida. Wanda ya bayyana tsiraici kada ka buga. Sauran kuma kada ka bar yaran shago su taru suna kallo, kada ka ajiye kwafi bayan an biya, kada ka sa a Facebook ko WhatsApp don talla sai da yardar masu shi. Matar wani ce, ƴar wani ce.

Ka sani kuma, a Malikiyya mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a shi ke lamunin kayan da aka bar masa ya ɓoyu da su, sai in ya kawo shaidar cewa sun halaka ba da sakacinsa ba. Hukuncin yana cikin Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure. Kuɗin takardar tsohon hoto bai taka kara ya karya ba, amma in ta salwanta babu inda za ka samo wata. Ka kwashe hoton a na'ura a gaban mai shi, ka miƙa masa abinsa nan take. Ku yanke farashi da girma da ranar karɓa kafin ka fara, domin ijara ba ta inganta da jahiltar lada.

In ka faɗaɗa zuwa hotunan Ka'aba, masallacin Agadas, gonakin gero da rubutun ayoyi, ka shiga abin da babu jayayya a halaccin surarsa, kuma zuwa ga irinsa Ibn Abbas ya nusar da wani mai zane da ya kawo masa kukan abincinsa. Sai dai ayar da za ka buga ka kai wa mahaddaci ya duba, don mutanenmu da Warshu suke karatu, abin da ke intanet kuwa galibi Hafsu ne. Bugun da ya lalace a ƙone shi ko a binne a wuri mai tsarki, kada ya je juji.

Da waɗannan sharuɗɗa, abin da ka samu halal ne, ka ci, ka ciyar da iyalinka. Allah ne mafi sani.