Yadda Sunan Zumunta Ya Zama Sunan Tsegumi

Ɗan'uwa mai karatu, a harshen Ingilishi akwai wata kalma, gossip, wadda ake kiran surutun banza da tsegumi da ita. Amma da fari sunan daraja ce.

Mutanen Ingila na dā suna cewa godsibb. God shi ne Allah, sibb kuwa zumunta, wato ɗan'uwa a cikin Allah. A ikkilisiyar wancan zamani ana yi wa jarirai baftisma, sai wani namiji ko mace ya tsaya wa yaron, ya ɗauki alkawarin tarbiyyarsa. Shi ne godsibb. Zumuntar nan tana da ƙarfi, har an hana aure tsakaninsa da iyayen yaron. A shekara ta 1014 Wulfstan, babban bishop na birnin York, ya yi wa'azi a kan zunuban ƙasarsa, ya lissafta kashe irin waɗannan 'yan'uwa a cikin munanan laifofi.

Sannu a hankali kalmar ta koma nufin aboki na kusa, musamman ƙawayen da mace takan kira ranar haihuwa. Maza ba su shiga ɗakin. Matan su zauna, su taimaki ungozoma, su yi ta hira don mai naƙuda ta sami ƙarfin zuciya. Kafin shekara ta 1600 an fara kiran mai yawan surutu da sunan nan. Ina tsammani maza ne suka ɗora wa mata laifin, su da ke waje suna nasu surutun. Faransanci ma haka ya yi: commère uwar baftisma ce, daga nan aka sami commérage, wato gulma.

To, hira zunubi ce? A'a. Gidan da ba a hira gidan makoki ne. Amma ka lura da inda kalmar ta fito. Baƙo ba ya iya yin tsegumi a kanka, gama bai san kome naka ba. Sai wanda ka buɗe wa ƙofa, ya ci tuwonka, ya ga hawayenka. Abin da yake bazawa a kasuwa amana ce ka ba shi, ko da kowace kalma gaskiya ce.

Ke ma, 'yar'uwa, kin san wannan gwaji. Wadda ta riƙe hannun mai naƙuda ta ga abin da ko mijin bai gani ba, ta ji abin da zafi ya sa aka faɗa. Da safe za ta tafi rijiya, maƙwabta kuwa suna can suna jiran labari.