Alkawarin da Aka Yi wa Wanda Ba Ya Iya Tashi



Idan ka yi alkawarin taimaka wa mutum don Allah, ba ka karɓi ko sisi ba, shin kana da damar saɓawa duk sanda ka ga dama? Da yawanmu a zuci mun yarda muna da ita. "Ai taimako ne, ba bashi ba."

To mu auna wannan magana a kan wanda lakarsa ta ji rauni a wuya, hannuwa da ƙafafu duk suka shanye. Hankalinsa garau, amma ƙuda in ya sauka masa a fuska sai ya jira mai korewa. Likitoci suna cewa a riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2, in ba haka ba fata ta mutu a ƙugu da diddige, gyambo ya ɓulle, wani lokaci har ƙashi. Katifar iska da ke rage wannan, da lantarki take aiki. Keken da zai tuƙa da haɓarsa, batir yake so. Robar fitsari tana da lokacin canji. Kowanne daga cikin waɗannan ya rataya ne a wuyan wani mutum da ya ce "zan zo."

Akwai wani bawan Allah da nake zuwa dubawa, haɗarin babur ne ya kwantar da shi. Cajar kekensa ta ƙone, wani mai gyara ya karɓa, ya ce kyauta zai yi, a ba shi zuwa jibi. Jibin nan sai da ta kai sati uku. A wurin mai gyara ƙaramin aiki ne da ya sha'afa. Shi kuwa wancan, sati uku ya yi yana kallon rufin ɗaki, ba Juma'a, ba ko zaman ƙofar gida. Abin da ya fi ci min rai, ya hana a je a yi magana, don kada a ce masa butulu a daina zuwa gaba ɗaya. Da kuɗi ya biya, da yana da bakin magana. Kyautar ce ta rufe masa baki.

Mafi yawan malamai suna ganin cika alkawarin alheri abin so ne, alƙali ba ya tilastawa. Amma mashhurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne, in wanda aka yi wa alkawarin ya shiga wani abu saboda dogaro da shi, cikawa ta zama dole. Misalinsu shi ne ka ce wa mutum ya rushe gidansa za ka ranta masa kuɗin gini, ya kuwa rushe. Ƙarafi ya tattauna wannan a cikin Al-Furuƙ. Ban ce a kai mai gyara kotu ba, kuma wannan ba fatawa ba ce. Sai dai a fahimtata, wanda ya miƙa maka cajarsa guda ɗaya tak ya daina neman wani, ai shi ma gidan ya rushe.

Wani zai ce, Malam, in ka tsananta haka mutane za su gudu daga taimakon. Zai yiwu, ban musa ba. Amma "wallahi ba zan iya ba" ta fi masa amfani a kan "insha Allahu gobe" ta kunya, don ta farko tana sakin iyalinsa su nemi wani tun da wuri.

Sannan mu daina saurin ce masa "ka yi haƙuri" duk sanda ya koka. Haƙuri da ƙaddarar Allah daban, shiru a kan sakacin bayi daban. Ya yarda da jarrabawar wuyansa. Bai zama dole ya yarda da ta mantuwarmu ba.

Su kuma masu rabon keke a taro ana ɗaukar hoto, Allah ya saka da alheri, amma ina da tambaya. Batirin nan zai mutu wata rana, taya za ta cinye. Lambar wa kuka bar wa iyalinsa?