KATANGA DA TARBIYYA: SHIN UNGUWAR MASU HALI TA DACE DA RENON YARA?

Gabatarwa

Da wuya a sami magidancin da Allah ya buɗa wa a Legas ko Ibadan ko Abuja wanda bai taɓa tunanin kwashe iyalinsa zuwa Ikoyi ko Bodija ko Maitama ba. Idan aka tambaye shi dalili, amsar ba ta wuce ɗaya: saboda yara. Wannan amsa ta zama jiki har ba a tsayawa a auna ta. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora ta a sikeli, domin a ga abin da yaro ke samu a irin waɗannan unguwanni da kuma abin da ke kuɓuce masa. Kafin nan dole a bambance abu biyu da akan cakuɗa, watau kiwo da tarbiyya. Kiwo ya shafi jiki: ci da sha da lafiya da tsaro. Tarbiyya kuwa ta shafi hali. A lacca da aka buga a shekarar 1974 kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, Kirk-Greene ya lissafa siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Tambayarmu ke nan: wane wuri ne ya fi saurin fitar da yaro mai lafiya wanda kuma yake da waɗannan siffofi?

Asalin Unguwar

Unguwar da muke kira G.R.A. gadon mulkin mallaka ce. Dokar tsara birane ta shekarar 1917, zamanin Gwamna Lugga, ta ware wa Turawa wuraren zama, aka kuma tanadi a bar fili na yadi 440 wanda ba gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce zazzaɓin cizon sauro. Likitocin wancan lokaci sun ɗauki 'ya'yan baƙar fata a matsayin rumbun cutar, don haka aka ga wajibi ne a nisanta Bature daga inda yara ke kwana. Ikoyi a Legas da Nassarawa a Kano duk daga wannan tunani suka tsiro. Su kansu Turawan, akasarinsu a Ingila suke barin nasu 'ya'yan.

Abin lura a nan shi ne, an zana unguwar ne don manya, aka kuma zana ta don guje wa yara. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata da attajirai suka gaji gidajen tare da fasalinsu: fili mai faɗi, ɗakunan barori a baya, ba zaure, ba dandali. Ko Abuja, wadda aka kafa da doka a 1976 aka koma cikinta a 1991, ba ta rabu da wannan fasali ba. Maitama da Asokoro suna tsakiya, direbobi da masu gadi da masu shara kuwa da yawansu daga Nyanya da Karu da Mararaba suke sammako.

Abin da Ba a Musu a Kansa

Rashin adalci ne a raina alherin da ke cikin irin wannan unguwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma mace-macen a gidaje mafiya talauci ya ninka na gidaje mafiya wadata kusan sau uku. Ruwa mai tsabta da magudana da asibiti na kusa su ne kan raba yaro da amai da gudawa. Uban da ya taɓa binne ɗa saboda ruwan kwata ba ya bukatar malamin falsafa ya koya masa darajar famfo.

Haka nan akwai shaida daga Amurka cewa unguwa tana tasiri a kan makomar yaro. A shekarun 1990 gwamnatin ƙasar ta taimaka wa wasu iyalai matalauta a birane biyar suka ƙaura zuwa unguwanni masu dama-dama. Nazarin da Raj Chetty da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya gano cewa yaran da suka ƙaura kafin su kai shekara 13 sun girma suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 31 cikin 100. Sai dai a lura: waɗannan iyalai fita suka yi daga matsanancin talauci zuwa rufin asiri. Nazarin ya tabbatar da illar fatara. Bai ce duk sa'ad da wadata ta ƙaru alheri ma yana ƙaruwa ba.

Abin da Katanga Ta Tare

Ba a koyon hali da karatu kawai. Haƙuri sai da mai ɓata rai, karamci sai da mabukaci, ladabi sai da babban da ba ya cin albashin ubanka. A Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, ko a Agege, yaro kan fita ƙofar gida ya tarar da makaranta a buɗe. Aike yana koya masa gaisuwa da riƙon amanar canji. A dandali, wajen langa ko kokawa, ɗan mai gida da ɗan ɗan dako ƙa'ida ɗaya ke hukunta su, wanda aka kayar kuma dole ya karkaɗe jiki ya tashi. In ya yi ba daidai ba, kowane dattijo na da ikon tsawata masa, domin ɗa na kowa ne.

Yaron da ke bayan katanga mai waya a bisa, rayuwarsa daga gida sai mota, daga mota sai makaranta. Talakawan da ya fara sani a duniya su ne maigadi da direba da kuku da 'yar aiki, kuma dukkansu ƙarƙashin umarnin gidansu suke. Nan ne haɗarin yake. Yaro ɗan shekara bakwai da ya saba kiran sa'an kakansa da gatsal, ya aike shi, ya kuma ga an bi, ya riga ya haddace darasin da ba wanda ya yi niyyar koya masa: cewa mutane iri biyu ne, masu umarni da masu bi. Irin wannan yaro ne gobe zai zama babban sakatare ko alƙali, ya yanke hukunci a kan mutanen da bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da su ba. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta rushe Maroko, unguwar talakawa da ke maƙwabtaka da Victoria Island, dubban iyalai suka wayi gari ba matsuguni. Irin wannan aiki ya fi sauƙi a hannun wanda talakawa ba su da suna ko fuska a idonsa.

Sai kuma batun harshe. Bahaushen da ke zaune a Kudu ko Abuja, cikin 'yan'uwansa harshensa na raye a bakin 'ya'yansa. A keɓantacciyar unguwa kuwa Ingilishi ke cin makaranta da talabijin da wajen wasa, har yaro ya je gaban kakarsa sai da tafinta. Wanda ya rasa harshen kakarsa ya rasa tatsuniya da karin magana da hanyoyin girmamawa da ke ƙunshe cikinsu.

Magabata ma sun hango wannan. Imamul Gazali, a inda ya tattauna tarbiyyar yara cikin Ihya'u, ya gargaɗi uba kada ya saba wa ɗansa jin daɗi da ƙawa. Ibnu Khaldun ya bayyana a Muƙaddima yadda daraja kan lalace a gida ɗaya cikin zuriya huɗu, saboda na ƙarshe sun gaji ni'ima ba su san wahalar da ta gina ta ba. A zamaninmu, Suniya Luthar ta nuna a bincikenta tun daga 1999 cewa matasan unguwannin masu wadata a Amurka suna fama da shaye-shaye da damuwa, ta kuma danganta haka da matsin sai an yi fice da kuma nisan iyaye daga 'ya'yansu.

Kada a Yaudari Kai

Duk da haka, mai karatu kada ya ɗauka tsohuwar unguwa aljanna ce. Dandalin da ke koyar da juriya shi ne kuma ke koyar da daba da shan ƙwaya, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Yarinyar da talla ta hana makaranta ba ta ci ribar cuɗanya ba. Idon maƙwabta da ke tsare yaro kan rikiɗe ya zama gulma. Bugu da ƙari, wayar hannu ta haura kowace katanga, ta yadda abin da uba ya guje wa a titi kan iske ɗansa har cikin ɗaki. Saboda haka ba a nan ake neman mai hali ya koma bakin kwata don nuna tawali'u ba.

Kammalawa

Hukuncin da nake ganin ya fi kusa da gaskiya shi ne: unguwar masu hali ta dace da kiwo, amma ba ta wadatar da tarbiyya. Abin da tsohuwar unguwa ke bayarwa kyauta, a nan sai iyaye sun nema da gangan. Yaro ya riƙa kiran maigadi Baba yana rusuna masa, ya wanke kwanon da ya ci abinci, ya yi makarantar allo ko Islamiyya tare da 'ya'yan kowa, ya yi hutu a gidan kaka ba tare da direba na jiransa a ƙofa ba, a kuma yi masa Hausa a tsakar gida. Mafi muhimmanci, iyaye su kasance a gidan, domin fili mai faɗi ba ya reno.

Larabawa kan ce a nemi maƙwabci kafin gida. Mai shirin ƙaura ya tambayi kansa: a sabon wurin, wa zai tsawata wa ɗana idan ba na nan, kuma wa ɗana zai tausaya wa? In ya sami amsa, ya ƙaura da kwanciyar rai. In bai samu ba, to ya san aikin da ke jiransa tun kafin a sauke kaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.