Baƙo Raɓa Ne: Wa Zai Koya wa 'Ya'yanmu Aikin Hannu?

Duk wanda ya bi hanyar da ta ratsa Dutse Alhaji zuwa Bwari da sassafe zai ga jama'a iri biyu. Akwai masu tsayuwa a bakin titi da gogaggun takalma, suna jiran motar da za ta kai su ofisoshin cikin birni. Akwai kuma waɗanda tuni suka buɗe rumfunansu: mai walda ya jawo ƙyauren ƙarfe waje, kafinta yana yankan katako, tela ta hau kekenta, masu buga bulo sun kwaɓa siminti. Idan aka miƙe, hanyar nan za ta kai mutum hedkwatar hukumar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi a Bwari. Kafin a isa can kuwa akwai kwanar Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane wanda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000. Hanya ɗaya ce, amma da za a tambayi iyaye inda suke so 'ya'yansu su sauka, kusan dukanmu Bwari za mu ce.

Kwanakin baya wani magidanci ya same ni ransa a ɓace. Ɗansa ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ya ce shi aikin haɗa sola yake so ya koya kafin maganar jami'a. Uban ya ce mini, "Malam, ashe duk kuɗin makarantar da na biya ya tafi a banza ke nan?" Ban ga laifinsa ba, gama tambayar tana cikin zukatan da yawa daga cikinmu. Ita ce ta sa na tuna da labarin wata makaranta mai nisa, inda baƙi suka bar ƙasashensu suka je koya wa 'ya'yan wasu abin da mu muke jin kunyar 'ya'yanmu su koya.

Makarantar da ɗalibai suka gina

Patrick van Rensburg mutumin Afirka ta Kudu ne, ma'aikacin jakadanci, wanda ya ajiye aikinsa a 1957 domin ya ƙi jinin mulkin wariyar launin fata. Ya koma ƙasar da a yau ake kira Botswana, inda shi da matarsa suka buɗe makarantar sakandare ta Swaneng Hill kusa da garin Serowe a 1963, shekara uku kafin ƙasar ta sami 'yancin kai. Kuɗi kaɗan ne, malamai 'yan ƙasa kuma ba su da yawa, saboda haka da dama daga cikin masu koyarwa 'yan sa kai ne daga ƙasashen waje. Zamanin ke nan da irin wannan aiki ya bunƙasa: an kafa ƙungiyar VSO a Ingila a 1958, Amurka kuma ta kafa Peace Corps a 1961, Nijeriya ma tana cikin ƙasashen farko da suka karɓi matasanta.

A Swaneng ɗalibai da malamai ne suka yi aikin ginin azuzuwa da hannuwansu, suna kuma koyon gini da sassaƙa da noma tare da darussan littafi. A 1965 aka fara wani tsari domin yaran da suka gama firamare ba su sami gurbi a sakandare ba: suna koyon gini a bakin aiki, abin da aka biya na aikin kuma shi ke ɗaukar nauyin koyarwar. Tsarin ya bazu zuwa wasu sana'o'i da wasu garuruwa, daga baya gwamnatin ƙasar ta karɓe shi. A 1981 aka ba van Rensburg lambar yabo ta Right Livelihood saboda wannan aiki.

Labarin yana da daɗin ji, amma yana ɗauke da tambayoyi biyu masu nauyi. Me ya sa baƙo yake ganin daraja a abin da ɗan gari ya raina? Taimakon da ya zo kyauta kuma, gina mutum yake yi ko kuwa sangartar da shi?

Inda muka koyi raini

Kakanninmu ba su raina aikin hannu ba. Maƙeri da masaƙi da majemi da magini kowa yana da matsayinsa a gari, manomi kuwa har kirari yake da shi: na duƙe tsohon ciniki. Rainin ya shigo ne lokacin da takardar shaida ta zama mabuɗin albashi da gidan gwamnati da fansho. Wanda ya iya biro ya hau keke, daga baya ya hau mota, wanda ya iya guduma ya zauna inda yake. Iyaye ba wawaye ba ne. Sun dubi inda ruwa yake gangarawa, suka tura 'ya'yansu can.

Hukuma ta ga wannan matsala tun da daɗewa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, da nufin kowane yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare. Ni ina cikin waɗanda aka fara gwajin a kansu. Na tuna ranar da babbar mota ta sauke manyan akwatunan injuna a makarantarmu ta karkara, muka yi ta murna. Amma babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. Har muka gama, akwatunan suna ajiye, gara tana cin katakonsu. Mun zana zarto a littafi, mun haddace sunayen sassansa da Turanci, mun ci jarrabawa, ba mu taɓa yanka katako ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A makarantar nan, duk wanda ya yi latti ko ya yi surutu, lauje ake miƙa masa ya je yankan ciyawa, ko fartanya ya je gonar makaranta. Shekara shida ana nuna wa yaro cewa aikin hannu horo ne na mai laifi, sa'an nan mu yi mamaki idan ya girma yana gudunsa. Wannan darasi ba ya cikin manhaja, amma ya fi duk sauran zama a zuciya. Ɗan sa kai da ya zo daga nesa ya tuɓe rigarsa ya ɗauki bulo tare da ɗalibai, babban abin da ya kawo shi ne misali: ga mai digiri yana kwaɓa ƙasa, bai kuwa ragu da kome ba.

Kyauta mai ginawa da kyauta mai kashe zuciya

Duk da haka bai kamata mu rufe ido mu yabi kowane taimako ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ɗan sa kai yakan yi shekara ɗaya ko biyu ya koma gida. Idan injin da ya kawo ba a samun kayan gyaransa a kasuwarmu, ranar da ya lalace ya zama kwanta. Idan shi kaɗai ya san aikin, ranar da ya tafi an rufe ɗakin. Mafi haɗari kuma shi ne jama'a su saba, su zauna suna jiran wani baƙon, hukuma ita ma ta sami hujjar ƙin ɗaukar malaman sana'a. Kyautar da ta koya wa mutum jira ta cuce shi, ko da mai bayarwa ya yi ta da zuciya ɗaya.

A ganina ana gane taimako na gari da abu uku. Na fari, mai taimakon ya fara tambayar abin da mutanen wurin suka riga suka iya. Na biyu, ya yi aiki da kayan da za a iya saye ko gyarawa a nan. Na uku, ya horar da wanda zai gaje shi tun kafin ya ɗaure kayansa.

Muna da misali a ƙofar gidanmu. A farkon shekarun 1950 wani Bature masanin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja. Shi ma'aikacin gwamnati ne mai albashi, amma halinsa abin koyi ne ga kowane ɗan sa kai. Ya ga tukwanen wata mata Bagwariya, Ladi Kwali, a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, ya gane cewa ya tarar da gwana. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da injin juya yumɓu da sabuwar hanyar gashi, amma ba ta yar da zane-zanen da ta koya a gida tun tana ƙarama ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Baƙon ya ƙara a kan abin da ya tarar, shi ya sa aikin ya yi saiwa.

Ba kuwa sai baƙo ba. Tai Solarin da matarsa Sheila sun kafa makarantar Mayflower a Ikenne, cikin Jihar Ogun ta yanzu, a 1956, inda ɗalibai suka yi gini suka kuma noma abin da za su ci, makarantar kuma ta yi suna wajen karatu.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Wani zai ce, "Kullum ɗan talaka ake yi wa wa'azin sana'a. Masu wannan wa'azi 'ya'yansu suna jami'a." Wannan magana tana da gaskiya, kada mu yi saurin ture ta. Tun zamanin mulkin mallaka 'yan Afirka da yawa sun yi zargin cewa ilimin sana'a dabara ce ta hana su hawa sama. A Swaneng ma ba kowane ɗalibi ya yi na'am da aikin hannu ba, gama sun ga cewa takarda ce ke kai mutum ofis. Idan aka raba yara gida biyu, ɗan mai kuɗi ya riƙe biro, ɗan talaka ya riƙe guduma, to, an sa wa rashin adalci sabuwar riga ne kawai.

Amsar ita ce a haɗa biyun ga kowane yaro, ɗan darakta da ɗan mai gadi, mace da namiji. Mai haɗa sola yana bukatar lissafi domin ya san yawan faranti da batirin da gida zai ɗauka. Tela tana bukatar awo da rubutu da iya lissafin riba. Likita ko lauya da ya taɓa yin gumi a kan aiki ba zai wulakanta lebura ba, ba zai kuma riƙe masa haƙƙinsa ba. Aikin hannu yana koyar da gaskiya ta hanyar da allo ba ya iyawa: ana iya satar amsa a jarrabawa, amma bangon da aka gina a karkace kowa zai gan shi. Saboda haka ba wai muna shirya wa yaro mafaka ne kawai idan aikin ofis ya ƙi samuwa ba. Muna gyara halinsa ne.

Abin da ya rage gare mu

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabon tsarin darussa wanda ya ware sana'o'i shida domin ɗaliban sakandare: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Manufa ce mai kyau. Amma wanda ya ga akwatunan shekarun 1980 dole ya tambaya: wa zai koyar, da waɗanne kaya?

Ɗaukar malamai da gina ɗakunan aiki nauyin hukuma ne, kuma wajibi ne iyaye su ci gaba da tuna mata ta bakin ƙungiyoyin iyaye da malamai. Amma yaron da yake aji uku yau ba zai tsaya da girma yana jiran kasafin kuɗi ba. Gwanayen waɗannan sana'o'i shida suna nan a Dutse Alhaji da Kubwa da Bwari, wasunsu ma kujera ɗaya muke zama da su ranar Lahadi. Abin da ɗan sa kai ya ƙetare teku domin ya yi, tela ko mai gyaran waya na unguwarmu zai iya yinsa da tafiyar minti goma. Awa biyu ranar Asabar, da izinin shugaban makaranta, da malami a wurin, da kula da lafiyar yara wajen wuta da kayan kaifi, sun isa a fara. Zumuntar mata da ta maza da ta matasa za su iya tara kuɗin zare da waya da katako, su kuma biya wa mai koyarwa kuɗin mota, domin bai dace a ɗora wa wanda yake ci daga aikin yini dukan nauyin alheri ba. A kira shi Malam a gaban yara, gama malami ne. A kuma daina ba da lauje a matsayin horo.

Idan baƙo ya zo da niyyar taimako, mu karɓe shi da godiya, mu sa namu mutum kusa da shi ya koya, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Magidancin nan da na ambata, na ce masa kuɗinsa bai tafi a banza ba, gama karatun da ya biya shi ne zai sa ɗansa ya fahimci abin da yake haɗawa, ƙofar jami'a kuma ba ta rufe ba. Na roƙe shi abu guda: ranar da yaron zai fara zuwa wurin maigidansa, ya raka shi da kansa, ya gaishe da mai koyarwar da girmamawa kamar yadda zai gaishe da shugaban makaranta. Yara suna karanta fuskokinmu fiye da yadda suke jin maganarmu. Allah ya ba mu hikimar renon su.