Ko Ya Dace Manya Su Rufe wa Ƙanana Fili?

Duk inda aka share fili don kokawa ko dambe, akan sami manya, akan kuma sami ƙanana. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama Allah bai yi mutane da ƙarfi ɗaya ba. Abin da za mu duba a nan shi ne, idan manyan su ne ke riƙe da ƙofar filin, ko ya dace su ƙuntata ta, su ce wai ƙanana ba su isa shiga ba? Za mu ɗauki misali daga wani wasan Turawan Ingila da a ke kira kurket, don kuwa a kansa ne aka yi wannan gardama shekara da shekaru, har duniya ta ji.

Wataƙila mai karatu bai taɓa ganin wasan ba, saboda haka bari mu ɗan bayyana shi. Ɓangare biyu ke yinsa, kowane da mutum 11. Akan kafa 'yan sanduna uku a ƙasa, mutum ɗaya ya tsaya gabansu da wani faffaɗan katako a hannu. Abokin gaba ya jefo ƙwallo mai tauri don ya ka da sandunan, shi kuwa mai katako ya tare, ya buge ta nesa, ya yi gudu kafin a dawo da ita. Kowane gudu maki ɗaya ne, ɓangaren da ya fi tara maki shi ya ci.

Wasan ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, malaman Ingila sun koya wa ɗalibai kurket tare da darussan aji. Amma in ka bar birnin ka zo Jibiya, ka wuce Magama, ka ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, da wuya ka sami wanda ya san sunan wasan, ko da ya ke harshenmu ɗaya, kakanninmu ɗaya. Dalili kuwa, su Faransa ce ta mallake su, mu Ingila. Ka ga ke nan wasan ya bi sawun mulki ne. Wasu ƙasashe ya daɗe a cikinsu, wasu jiya-jiya ya iso. Ya kamata a riƙe wannan, gama wanda ya riga ka tashi ba lalle ne ya fi ka sauri ba.

Majalisar da ke kula da wasan a duniya an kafa ta a 1909, ƙasashe uku ne suka kafa ta, watau Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Yanzu tana da manyan wakilai 12, da ƙananan wakilai fiye da 90. Nijeriya tana cikin ƙananan, ta shiga da sunan kanta a 2002. A wurin yanke shawara kowace babbar ƙasa tana da kujerarta, ƙananan kuwa dukansu kujera uku su ke da ita.

An fara gasar cin kofin duniya a 1975 da ƙungiya 8, aka yi ta ƙarawa har suka kai 16 a 2007. A wannan shekara ne abin da ba a zata ba ya auku. Ƙasar Ayilan, wadda a lokacin ƙaramar wakiliya ce, ta ka da Pakistan, Bangaladash kuma ta ka da Indiya. Manyan nan biyu suka koma gida tun zagayen fari, Indiya wasa uku kaɗai ta yi. To, mafi yawan kuɗin wasan daga masu kallon talabijin na Indiya ya ke fitowa, saboda haka aka yi hasara mai yawa. Daga nan sai aka soma rage ƙofa. A 2011 majalisa ta ce gasar 2015 ta manya goma ce kaɗai, ba ko jarrabawar shiga. Da aka yi ta kuka sai ta janye. Amma a 2019 da 2023 ƙungiya 10 kurum aka ɗauka, aka shirya kowa ya kara da kowa, yadda ko ta yaya Indiya za ta yi wasa tara. A gasar 2019 babu ƙaramar wakiliya ko ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara.

Adalci ne mu saurari hujjar manyan tukuna, gama ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Sun ce idan aka haɗa ƙato da yaro, ba wanda zai ji daɗin kallo, shi kansa yaron kunya zai sha. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ko samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19, da suka je gasar tsararsu ta duniya a Afirka ta Kudu a 2020, an cinye su da rata mai yawa a wasanninsu uku na fari, sai daga baya suka ci Japan. Sun kuma ce kuɗin da a ke samu daga wasannin manya, da shi ne a ke taimakon ƙanana da malamai da kayan wasa, in kuwa kasuwa ta mutu kowa zai sha wuya. Wannan ma ba ƙarya ba ne.

To, amma a duba hujjar fari da kyau. Yaya a ke yi mutum ya zama gwanin kokawa? Ba a ɗaki a ke zama ba. Sai ya kama da wanda ya fi shi, a ka da shi sau goma, ran na goma sha ɗaya ya gane inda ƙafar abokin ta ke da rauni. In ka hana shi fili don ba shi da ƙarfi, bayan shekara biyar kuma ka dawo ka ce ai ga shi har yanzu ba shi da ƙarfi, to, kai ne ka yi raunin, ka kuma kafa hujja da shi. Daidai ya ke da mutumin da ya hana ɗansa zuwa ajin yaƙi da jahilci, sa'an nan ya riƙa yi masa gori don bai iya karanta wasiƙa ba.

Labarin wasan da kansa ya ƙaryata wannan hujja. Ƙasar Siri Lanka ƙaramar wakiliya ce sa'ad da ta shiga gasar 1975, an cinye ta a dukan wasanninta. Shekara 21 bayan haka, watau 1996, ita ta ɗauki kofin. Da an rufe mata ƙofa tun fari, wa zai san tana da wannan a cikinta? A 1996 ɗin nan Kenya ta ka da ƙungiyar tsibiran Wes Indis, waɗanda suka ci kofin sau biyu, a 2003 kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ayilan ta ka da Ingila a 2011. A 2018 aka yi jarrabawar shiga a Zimbabuwe, gurbi biyu tak aka bari. Sikotilan ta rasa nata da maki biyar, bayan ruwan sama ya tsai da wasa aka koma lissafi. Wata uku bayan haka ta ka da Ingila, wadda a lokacin ita ce ta ɗaya a duniya, duk da haka a gida ta zauna ta kalli gasar 2019. Ko mu nan muna da namu shaida. A watan Janairu na 2025, a Malesiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ka da Niyuzilan da maki biyu, a zuwansu na fari. Sun sami shiga ne don ƙungiya 16 aka ɗauka. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wannan ya kawo mu ga hujjar kuɗi, kuma a nan ne maganar ta ke da nauyi. Ka lura, ba lokacin da a ke cinye ƙanana aka rage ƙofa ba, sai bayan da suka soma ka da manya. Ashe ba rauninsu ne abin tsoro ba, ƙarfinsu ne. Ba laifi ba ne mutum ya so riba, gama ba mai kasa kaya a kasuwa don ya faɗi. Laifin shi ne mai ƙara ya zama shi ne alƙali. Waɗanda za su ci amfanin ƙuntata ƙofa su ne suka zauna suka yanke hukunci a ƙuntata ta, waɗanda abin zai cuta kuwa ba su da bakin da zai rinjaya. A rabon kuɗin majalisa na 2024 zuwa 2027, Indiya kaɗai tana karɓar fiye da kashi 38 cikin ɗari, ƙananan wakilan nan fiye da 90 kuwa, in an haɗa rabonsu duka, bai kai sulusin nata ba. Wanda ya hana ka shiga kasuwa, sa'an nan ya miƙo maka 'yar sadaka ta kan danga, bai kamata ya jira godiya mai yawa ba. Mutanen Jibiya sun san wannan, gama da aka rufe iyaka a 2019, ba a buɗe ta nan ba sai 2022, ƙananan 'yan kasuwa da 'yan dako ne suka fi jin jiki, mai babban jari kuwa yana da abin da zai jira da shi.

Sai kuma batun suna. In mutum goma suka so su yi wasa tsakaninsu, ba mai hana su, su kira shi wasan mutum goma. Amma in suka kira shi kofin duniya, sun ɗauki alkawari ke nan, gama sun ari sunan mutanen da ba su gayyata ba. Mudu in an ce mudu ne, to, a cika shi.

Ba sai mun je nesa ba za mu ga yadda a ke yin abin daidai. Maƙwabtanmu na Nijar suna da gasar kokawa ta neman takobi, wadda ita ma a 1975 aka fara ta. Kowace jiha tana aiko da 'yan kokawarta, ba a taɓa cewa jihar da ba ta saba ɗaukar takobi ba ta zauna gida don kada ta ɓata wa 'yan kallo rana. Kowa ya shiga fili, wanda aka kayar ya kaɗe ƙura ya koma ya shirya wa baɗi. Shi ya sa wanda ya ɗauki takobin ba mai musun sarautarsa, gama kowa an ba shi dama ya gwada shi. Girman da aka samu bayan an kulle abokan gaba a waje, rabin girma ne.

Ba cewa mu ke yi a bar kowa ya shiga ba gwaji ba. Fili yana da iyaka, kwanakin gasa ma haka. Abin da adalci ke nema shi ne a yi gwaji na gaskiya, ƙofar ta zama da faɗin da mai ƙoƙari zai iya wucewa, kuma gwajin ya hau kan babba kamar yadda ya hau kan ƙarami. An ga haka a 2023, sa'ad da Wes Indis ta kasa cin jarrabawa, Holan ta ci, ta je gasar har ta ka da Afirka ta Kudu. Wanda aka kayar a fili ba a zalunce shi ba, wanda aka tare a bakin ƙofa shi ne ke da ƙara.

Kukan ƙanana bai faɗi banza ba. A 2021 majalisa ta yarda a koma ƙungiya 14 a gasar 2027, wadda aka ba Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya. A gasar gajeren wasa ta 2024 kuwa ƙungiya 20 aka ɗauka, har Yuganda ta sami shiga, Amurka kuma ta ka da Pakistan. Amma abin da aka bayar da ƙuri'ar manya, ana iya karɓe shi da ƙuri'ar manya, muddin kujerun nan suna yadda su ke.

Ya kai mai karatu, kada ka ce wannan zancen wasan Turawa ne, bai shafe ka ba. Kowannenmu yana riƙe da wata ƙofa, ko a ƙungiyar 'yan kasuwa, ko a taron unguwa, ko a cikin gidansa. Ran da ƙarami ya zo neman shiga, ka ji zuciyarka tana cewa bai isa ba, tsaya ka tambayi kanka, shin don ba zai iya ba ne, ko kuwa don kana tsoron zai iya? In ka gwada shi ya kasa, ba ka da alhaki. In ka hana shi ba gwaji, alhakinsa yana wuyanka. Allah ya sa mu iya adalci ko da a kan kanmu ne, amin.