Idan Manhaja Ta Cuci Mutum, Haƙƙin Yana Wuyan Wa?

Idan kuɗin mutum ya maƙale a na'urar POS a kasuwar Ajingi, ko sunan yarinya ya ƙi shiga wajen rajistar jarrabawa a Gaya, amsa ɗaya ake bayarwa: "Sai haƙuri, matsalar netwok ce." Shi kuma ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya kama gabansa. Haƙurin mutanenmu abin yabo ne. Amma ni da gwajin manhaja nake cin abinci, aikina shi ne in tono aibinta kafin ta isa hannun jama'a, kuma na san sau da yawa netwok ba shi da laifi. Wani ne a wani ofis ya san da sauran gwaji, ya ce a sake ta haka nan, lokaci ya ƙure. Abin da ke damuna tambaya ce ta addini: wanda aka cuta ta wannan hanya, wa zai biya shi, yau ko gobe kiyama?

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi da saukar ruwa ba, domin ruwa ba a hannunsa yake ba. Abin da ya tuhume shi a kai shi ne barin jiƙaƙƙen a ƙasa inda mai saye ba zai gani ba, kuma a nan ne ya yi kashedin nan da kowa ya sani game da algus. A wurina iyakar ƙaddara da sakaci ke nan. Babu mai rubuta manhaja da ba ya kuskure, kome ƙwarewarsa; wannan kam ruwan sama ne. Ƙin dubawa, ko a duba a gani a rufe, shi ne aikin ɗan Adam, kuma shi za a tambaya.

Sai dai akwai bambanci mai nauyi. Mai sayen gero a kasuwar Gaya yana iya zura hannunsa har gindin buhu, ya damƙo, ya shinshina. Manomin da ya sayar da riɗinsa aka ce za a yi masa tiransifa ba shi da inda zai zura hannu. Allon waya kawai yake gani. Tunda shi ba zai iya dubawa ba, duban gaba ɗaya ya koma wuyan waɗanda suka gina abin suka ce a yi amfani da shi.

Ga yadda duban yake a aikace. Ina ɗaukar tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, irin wadda ke aljihun yawancin mutanen ƙauyukanmu, in fara tura kuɗi, in kashe data daidai lokacin da aka cire daga wannan asusu ba a kai ga zubawa a wancan ba. Kuɗin ya dawo ne, ko ya tsaya a tsakani? In danna maɓallin sau biyu da sauri, kamar yadda duk wanda ya gaji da jira yake yi, in ga ko za a cire sau biyu. In rubuta Sa'adatu ko Mu'azu a gurbin suna, domin akwai manhajojin da wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan kaɗai ke rikita su, su ce sunan ba daidai ba ne. A wani kamfani da na yi wa aiki na kai rahoton cirewa sau biyu, aka ce mini ba kasafai zai faru ba. Gaskiya ne, a ofis mai intanet mai ƙarfi ba kasafai ba ne. A hanyar Gaya zuwa Ajingi, inda sabis ke zuwa ya ɗauke, abin yau da gobe ne. Wanda ya ga yadda aka sha wuya a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tiransifa dole manhajojin bankuna suka riƙa durƙushewa, ya san abin da nake nufi.

Ƙasar nan ta ga babban misali. A jarrabawar JAMB ta 2025 sakamako ya fito, ɗalibai da iyaye suka yi ta kukan cewa makin ba nasu ba ne. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa kuskure ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. An yi wa manhajar gyara, gyaran bai hau daidai a wasu manyan kwamfutocin ba, kuma ba a gano ba sai da sakamako ya fita. Na girmama shi da ya amsa laifi ya sa aka sake jarrabawar. Shugabanni kaɗan ne za su iya. Amma kafin ranar, yara nawa ne suka kwana suna zargin ƙwaƙwalwarsu, iyaye nawa suka yi wa 'ya'yansu faɗan da ba su cancanta ba?

Wanda ya fi tayar mini da hankali a Birtaniya ya faru. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗin da babu shi. Wasu sun yi zaman kurkuku. Sai a 2019 kotu ta tabbatar da aibin manhajar, a 2024 aka yi dokar wanke su. Duk sanda na tuna wannan, yaran nan masu POS a bakin tasha nake gani, waɗanda jarin na wani ne. Ranar da lissafin na'ura ya saɓa da na yaro, maigidansa wa zai gaskata?

Fiƙihunmu na Malikiyya bai bar irin wannan a banza ba. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, hukuncin shi ne mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kai ba a gaban mai su ba. Malamai sun kafa shi a kan maslaha: mai kaya ba ya ganin abin da ke faruwa a bayan idonsa, in ba a ɗora lamuni ba dukiyar mutane za ta salwanta. Gaya garin maƙera ne tun asali, har tarihin baka ya ce maƙerin da Kano ta ci sunansa daga nan ya tashi zuwa Dala neman tama, don haka wannan hukunci ba baƙo ba ne a wurinmu. Fatawa ta malamai ce, amma a ganina babu sana'ar da ake yi a bayan idon mai kaya kamar rubuta manhaja.

Za a ce hannu goma ne suka taɓa aikin, wa za a kama? Ra'ayina, kaso mafi nauyi na wanda ke da ikon cewa "a dakata" ne, ya ƙi faɗa. Bayansa sai mai gwajin da ya gani ya yi shiru don kada a ce ya cika fitina, alhali Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida. Shi ya sa bai kamata mai gwaji ya zauna ƙarƙashin wanda ake yaba wa da saurin kammala aiki ba, kuma duk wanda ya yanke a saki manhaja da sanannen aibi ya sa hannu da sunansa a takarda. Za a kuma ce ba a iya gwada kome da kome. Haka ne, kuma Allah bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa ba. To a fara da inda cutarwa ta fi muni: kuɗin mutane, makin ɗalibai, bayanan marasa lafiya. Launin maɓalli ya jira. A kuma fito da gwajin daga ofisoshin Legas da Abuja, a kawo shi Ajingi ranar kasuwa, da wayoyin da mutane ke riƙe da su.

Saura haƙƙin da ya riga ya hau. Wanda ya ce "Allah ya sa haka ne mafi alheri" bai ce ya yafe ba, gajiya ya yi. Kowace manhajar kuɗi tana ajiye tarihin duk abin da ya shiga ya fita, da ranarsa da sa'arsa. Kamfanin da ya gano aibi yana iya zaƙulo duk wanda aka cire wa kuɗi sau biyu, ya mayar masa har asusunsa tare da saƙon ban haƙuri, ba sai dattijo ya bar gonarsa ya biya kuɗin mota zuwa Wudil ko Kano ya cike takardar ƙorafi a kan kuɗin da tun farko nasa ne ba.