Haƙƙin Wanda Ya Riga da Haƙƙin Mai Sauri a Layin Ninƙaya

Tafkin ninƙaya na jama'a, wato ginannen wurin iyo da hukumar gari ko makaranta ke buɗe wa duk wanda ya biya kuɗin shiga, yana cikin wuraren da ke fito da tsohuwar tambayar masana falsafa da malaman fiƙihu game da abin tarayya: idan abu na kowa ne, amma ba zai wadaci kowa a lokaci guda ba, wa ya fi cancanta da shi? A biranen Ingila da Amurka da Ostareliya, inda mutane da yawa suka mai da iyo hanyar motsa jiki, ana tsaga tafkin da igiyoyi masu ƙwallayen roba daga wannan bango zuwa wancan, kuma kowane tsagi shi ake kira layi. Tafkin gasar Olamfik tsawonsa mita 50 ne, faɗin layinsa mita 2.5, amma galibin na unguwanni mita 25 ne ko yadi 25, layukansu ma sukan fi ƙunci, ta yadda da sanyin safiya, kafin a tafi wurin aiki, akan iske mutum biyar ko shida suna kai da komo a tsagin da bai fi faɗin buɗaɗɗun hannayen mutum ɗaya da wani abin kirki ba.

Al'adar da ta tsaru a irin wannan wuri ba ta da yawa. Idan mutum biyu ne sukan raba layin, kowa ya riƙe gefensa; da zarar na uku ya shigo sai a koma kewayawa, a tafi ta gefe ɗaya a dawo ta ɗayan. A Amurka dama ake bi, a Ostareliya hagu, kamar dai yadda motocinsu ke tafiya, a Ingila kuwa tafkuna da yawa suna saɓa alƙiblar layukan da ke maƙwabtaka, domin waɗanda ke gefe biyu na igiya ɗaya su fuskanci wuri guda, hannayensu kada su riƙa karo. Wanda ya cim ma na gabansa yakan taɓa masa tafin ƙafa sau ɗaya a hankali, shi kuma idan ya isa bango sai ya raɓe a kusurwa har a wuce shi. David Hume, masanin falsafa ɗan Sukotland, ya bayyana irin wannan tsari a 1740 da misalin mutum biyu da ke tuƙa kwalekwale, waɗanda filafilansu ke tafiya tare ba tare da ɗayansu ya yi wa ɗan'uwansa alkawari ba, domin kowannensu ya ga amfanin daidaituwar kuma yana sa ran ɗayan ma ya gani. Bin dama bai fi bin hagu daraja ba a karan kansa, amma da zarar jama'ar wuri sun tsaya a kan ɗaya, wanda ya saɓa ya zama mai cutarwa, kuma malaman fiƙihu ma sun ɗauki al'adar wuri a matsayin abin da ake yanke hukunci da shi matuƙar ba ta ci karo da nassi ba.

Rigima ta farko tana tasowa ne daga wanda ya riga shiga. Mutumin da ya sami layi babu kowa, ya yi minti goma yana sheƙe ayarsa a tsakiya, yakan ji kamar an shigo masa gida idan ya ɗago kai ya ga wani zaune a bakin bango ya zura ƙafafu cikin ruwa, wanda shi ne sallamar wurin. Wani ma sai ya yi kamar bai gani ba, ya juya da sauri ya koma. Abin da yake ji yana da tushe, domin shari'a ta san haƙƙin rigaye, wato fifikon da mutum ke samu a wurin da ba mallakar kowa ba saboda ya riga isa gare shi. Hadisi ya hana a tayar da mutum daga mazauninsa don wani ya zauna, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya tashi daga wurinsa ya dawo shi ya fi cancanta da shi. Sai dai kuskuren mai wannan da'awa shi ne ya ɗauki layi a matsayin mazauni, alhali ya fi kusa da hanya. Mazauni wuri ne da jiki ke cikewa, mutum biyu ba sa haɗuwa a kansa. Hanya kuwa mai tafiya ba ya cike ta, ɗan gurbin da yake ciki a wannan daƙiƙa kawai yake riƙe da shi, ragowar mita 23 da ke gabansa da bayansa ba su taɓa shiga hannunsa ba balle a ce an ƙwace masa. Majalla, kundin dokokin mu'amala da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tsara tsakanin 1869 da 1876, ta tabbatar wa kowa haƙƙin wucewa a hanyar jama'a bisa sharaɗin kada ya cutar da wani. Ko a mazaunin ma, aya ta 11 ta Suratul Mujadala ta yi umarni da a yalwata wa mai shigowa. Haka nan waɗanda ke jingina a tsakiyar bango suna hira, suna toshe wurin da sauran ke juyawa, hukuncinsu na masu zama a bakin hanya ne, waɗanda hadisin Abu Sa'id al-Khudri ya ɗora wa kame cuta da runtse ido, kuma dukkan biyun suna da wurinsu a inda suturar mutane ta taƙaita.

Rigima ta biyu ta fi wuyar warwarewa, domin ko kowa ya yi niyyar alheri tana nan, lissafi ne ya kawo ta. Idan wani yana cinye tsawon mita 25 a daƙiƙa 25, wani kuma a daƙiƙa 35, na farkon zai riƙa cim ma na biyun kusan duk minti 3, wato sau 10 a cikin rabin sa'a. A kowane karo dole ɗaya ya rasa wani abu: ko mai sauri ya karya tafiyarsa yana kallon tafin ƙafar wani, ko mai nawa ya tsaya a bango numfashinsa da ƙidayarsa su katse. Mai sauri yana ganin ya zo horo ne, kuma bai kamata a hukunta shi don ya iya ba. Mai nawa, wanda sau da yawa dattijo ne ko mai jinyar gwiwa da likita ya tura ruwa, yana ganin kuɗi ɗaya suka biya. Ana iya kafa hujja da hadisin da ya umarci liman ya sassauta saboda a bayansa akwai mai rauni da mara lafiya da tsoho, a ce ke nan mai nawa ne ma'auni. Amma jam'i ibada ce guda da ake ɗaurawa tare a kuma sallame tare, shi ya sa take tafiya da gwargwadon mai rauni, su kuwa mutanen layi kowa da gabansa, babu wanda ya ɗaura niyyar bin wani. Abin da mai nawa ke bi bashi shi ne kada a bangaje shi, kada a ja masa ƙafa, kada a haye ta kansa a tsakiyar ruwa. Ba ya bin kowa bashin a zauna a bayansa. Hasarar da ke kansa idan ya raɓe daƙiƙa biyu ce ko uku, wadda ke kan na bayansa idan ya ƙi raɓewa kuwa tsawon tafkin ne gaba ɗaya, kuma ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu ta nuna wanda ya kamata ya tsaya.

Masu tafkuna sun nemi rage wannan da alluna da ke raba layuka zuwa na masu nawa da matsakaita da masu sauri, amma allon ya mayar da hukuncin ne hannun wanda ake tuhuma. Sauri abu ne na gwaji da wani, gaba da gabanta, kuma wanda ya fi kowa gudu da hantsin ranar Talata yana iya zama cikas da yamma idan 'yan ƙungiyar gasa suka iso. Ana buƙatar mutum ya tsaya a bakin ruwa, ya dubi masu iyo, ya auna kansa da gaskiya, sannan ya sauka a inda ya dace da shi ko da allon wurin bai yi wa zuciyarsa daɗi ba. A nan ne girman kai ke shiga, kuma siffarsa da masu iyo suka fi kokawa da ita ita ce ta wanda ya gama hutawa, ya hango mai sauri ya kusa bango, sai ya tunkuɗa kansa gabansa, ko wanda aka taɓa wa ƙafa sai ya ƙara wuta na ɗan taƙi don kada a ce an wuce shi, musamman idan mai wucewar mace ce. Shi ma mai saurin da ya bar layinsa don ya cika, ya faɗa na dattawa yana watsa musu ruwa da salon malam-buɗe-littafi, bai tsira ba. Laifi tudu ne, kuma a cikin ruwa, inda kunne ke toshe, tabarau ya yi hazo, babu damar tambaya ko ba da haƙuri, kowa yana fassara niyyar ɗan'uwansa daga taɓawa ɗaya, alhali wanda ya kai masa hannun ta yiwu yana iyon rigingine ne bai ma gan shi ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a jingina komai ga kyawun hali. Wani masani, Garrett Hardin, ya yi hasashe a 1968 cewa abin tarayya makomarsa lalacewa ce, domin kowa zai ɗebi iyakar iyawarsa, sai Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna daga makiyayar duwatsun Suwizalan da magudanan ban-ruwa na Sifen cewa jama'a sun daɗe suna riƙe irin waɗannan dukiyoyi ba su lalace ba, idan dokokin a bayyane suke, akwai mai sa ido, kuma akwai hanya mai sauƙi ta raba gardama. Tafkin da ya rubuta alƙiblar kewayawa a bakin kowane layi, ya kuma faɗi saurin da ake nufi da adadin daƙiƙoƙi kamar yadda wasu ke yi, ya ɗauke wa mutane rabin abin da suke faɗa a kansa. Ragowar yana wuyan jami'in ceto da ke zaune a kan doguwar kujera, wanda shi kaɗai ke ganin layin daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Idan mutum ya shiga layin da ba nasa ba har aka yi jerin gwano a bayansa, jami'in ne ya kamata ya sunkuya ya gaya masa cikin ladabi, kuma hukumar tafkin da ba ta ba shi wannan iko ba ita ke da kaso mafi girma na laifin.